Ƙarfe Mai Nauyi, Ɗagawa Kaɗan: Me Yake Yi wa Jiki?

 Yau wajen 'yan ɗaga ƙarfe shirinmu na kiwon lafiya da motsa jiki zai leƙa.

Duk wanda ya saba fita da sassafe a Kano ko Kaduna, ko Maraɗi da Damagaram, ya san irin wuraren nan. Wani kango ne ko bayan katangar makaranta, an kafa benci na katako, an samo bututun ƙarfe an cusa bakinsa biyu cikin gwangwanayen fenti da aka cika da kankare, a gefe kuma ga tsofaffin giyoyin mota da mai walda ya liƙa wa sanda. Matasa sun tuɓe riguna ana ta nishi. A irin wannan wuri akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Wannan ya ce a ɗauki marar nauyi a yi ta ɗagawa, sau 15, sau 20, har ƙwanji ya ɗauki zafi ya kumbura. Wancan ya ce ai wannan wasan yara ne, a loda wa sanda nauyi, a ɗaga sau 3 ko sau 5 a ajiye. Kowane ɓangare yana da wani ƙato da yake nunawa a matsayin hujja.

Tsarin na biyu, wato nauyi mai yawa da ɗagawa kaɗan, shi ne abin da za a duba yau: me yake bayarwa, me ba ya bayarwa, kuma me yake karɓa a hannun mai yin sa.

Da farko, me ake nufi da nauyi? Masu horarwa suna auna shi ne da iyakar abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya tak, ba tare da ya karkace ko an taimaka masa ba. Wanda iyakarsa kilo 100 ce, galibi zai iya ɗaga kilo 85 kamar sau 5, kilo 75 kuma kamar sau 10. To idan aka ce atisaye mai nauyi, ana nufin daga kashi 80 cikin 100 na iyakar mutum zuwa sama, a ɗaga tsakanin sau 1 zuwa sau 6, a huta sosai, a sake. Saboda haka kilo 40 na iya zama nauyi ga wani, kilo 100 kuma ya zama ɗumama jiki ga wani. Gwargwadon mutum ake auna abin.

Tsarin ya girmi duk matasan da ke gardama a kansa. A shekarar 1945, wani likitan sojan Amurka mai suna Thomas DeLorme, wanda shi kansa ɗan ɗaga ƙarfe ne, ya wallafa yadda yake farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu a wani asibitin soja da ke Chicago. A lokacin likitoci na jin tsoron sa wa majinyaci nauyi. Shi kuwa ya sa musu, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da suka saba da na baya, kuma suka riƙa miƙewa da wuri fiye da yadda aka saba gani. Daga aikinsa ne aka gaji tsarin zagaye 3, kowane zagaye ɗagawa 10, wanda har yau ake bi a gidajen motsa jiki.

Wanda ya yi fice da tsarin biyar sau biyar kuwa wani Bature ne ɗan birnin Leeds na Ingila, Reg Park, wanda ya ci gasar Mista Yunibas sau uku, a 1951 da 1958 da 1965. A 1960 ya fitar da wani ɗan littafi yana bayanin yadda yake yi: zagaye 5, kowanne ɗagawa 5, biyun farko na ɗumama jiki, ukun ƙarshe da cikakken nauyi. Arnold Schwarzenegger, wanda masu kallon finafinan Amurka suka fi sani da Kwamanda, ya sha faɗa cewa hoton Reg Park ne ya ja shi cikin harkar tun yana yaro a Austriya. Daga baya, a 1976, wani mai horar da 'yan wasa a Amurka, Bill Starr, ya ɗauki tsarin ya kai shi cikin horon 'yan ƙwallon zari-ruga irin ta ƙasarsu. Yawancin jadawalin da matasa ke saukewa a waya yau jikokin waɗannan ne.

To me ya sa nauyi ke kawo ƙarfi da sauri haka?

Amsar tana cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke kai saƙo, kafin ma a zo kan tsoka. Kowace tsoka tarin zaruruwa ce, an raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da jijiyar da ke ba shi umarni. Wani masani a jami'ar Harvard, Elwood Henneman, ya nuna tun wajen 1957 cewa jiki ba ya tayar da su gaba ɗaya. Yana farawa da ƙananan rukunai masu juriya, sai aiki ya yi tsanani sannan ya kira manya masu ƙarfi, waɗanda kuma su ne masu saurin gajiya. Abin ya yi kama da aikin gayya: idan 'yar ƙaramar gona ce, yaran gida sun isa, sai an ce gandu ne babba kuma ana so a gama kafin azahar sannan ake buga ganga majiya ƙarfin gari su fito. Ƙarfe mai nauyi tun ɗagawar farko yake buga wannan gangar. Wanda ya lizimci yin haka, jikinsa yana koyon kiran manyan rukunan da sauri, da haɗa kan tsokoki daban-daban su yi aiki lokaci guda, da kuma sassauta tsokar da ke ja ta ɗaya gefen.

Shi ya sa sabon shiga yake ganin abin mamaki a makonnin farko. Nauyin da yake ɗagawa yana ta hawa, amma hannun rigarsa bai matse ba, madubi bai nuna masa komai ba. Wasu masu bincike biyu, Moritani da deVries, sun auna wannan a 1979, suka ga a makonni 3 zuwa 5 na farko yawancin ƙarin ƙarfin daga koyon jijiyoyi yake zuwa, sai daga baya girman tsoka ya karɓi ragamar. Matasa da yawa a nan suke karaya, su ce tsarin ba ya aiki, alhali kuwa yana kan aikinsa.

Wanda yake son ganin iyakar inda wannan koyo yake kai ɗan Adam, ya dubi 'yan Najeriya masu buƙata ta musamman da ke ɗaga ƙarfe daga kwance. A gasar nakasassu ta duniya da aka yi a Landan a 2012, Yakubu Adesokan, wanda ya fafata a ajin masu nauyin kilo 48, ya tura kilo 180 daga ƙirjinsa, ya ɗauki zinare ya kuma kafa tarihi. Kusan ninki huɗu na nauyin jikinsa ke nan. A waccan gasa Najeriya ta ci zinare 6, duka a ɗaga ƙarfe. A birnin Paris kuma, a 2024, Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167. Da girman jiki kaɗai ne ke ba da ƙarfi, da mutum mai kilo 48 bai kusanci wannan nauyi ba.

A kan ƙarfi dai, masu cewa a loda nauyi sun yi gaskiya. Inda gardamar ta fi zafi shi ne batun girman tsoka, domin in za a faɗi gaskiya, yawancin matasan da ke zuwa waɗannan wurare ba gasa za su shiga ba. Ƙirji da damtse suke so su cika riga.

An gwada wannan ma. A 2002, masu bincike a jami'ar Ohio ta Amurka sun raba samari da ba su taɓa atisaye ba zuwa rukuni-rukuni har tsawon mako 8. Wasu na ɗaga mai nauyi sau 3 zuwa 5, wasu matsakaici sau 9 zuwa 11, wasu marar nauyi sau 20 zuwa 28. Masu nauyi suka fi kowa ƙarin ƙarfi, masu marar nauyi suka fi kowa juriya, tsoka kuwa ta girma a rukunin farko da na biyu. Shekaru 10 bayan haka, a jami'ar McMaster ta Kanada, aka sake gwadawa ta wata fuska: aka ga ko da kashi 30 cikin 100 na iyakar mutum, in dai zai yi ta ɗagawa har ya kasa, tsokar cinyarsa tana girma kusan daidai da ta mai ɗaga kashi 80. Sai dai mai kashi 80 ya fi shi iya ɗaukar nauyi a ƙarshe.

Gwajin da ya fi dacewa da gardamar kangon nan shi ne na Brad Schoenfeld da abokan aikinsa a 2014. Sun ɗauki samari da suka riga suka goge a harkar, suka raba su biyu. Rukuni ɗaya na yin zagaye 7, kowanne ɗagawa 3, da hutun minti 3 a tsakani. Ɗayan na yin zagaye 3, kowanne ɗagawa 10, da hutun minti ɗaya da rabi. An daidaita jimillar nauyin da kowa ke ɗagawa. Bayan mako 8 aka auna kaurin ƙwanji, sai ga shi kusan kunnen doki. A turi daga kwance masu nauyi sun fi ƙaruwa. Amma ga inda gizo ke saƙar: masu ɗagawa 10 suna gama atisayensu cikin kamar minti 17, masu nauyi kuwa sai sun kwashe kamar minti 70, kuma su ne suka fi kukan gajiya da ciwon gaɓoɓi.

Hukuncin ke nan. Nauyi mai yawa yana gina tsoka, amma ba shi da wani sirri a kan haka wanda matsakaicin nauyi ba shi da shi. Tsoka tana bin yawan aikin da aka ba ta a mako, da abinci, da barci. Wanda ƙarfi ne burinsa, ba shi da hanyar da ta wuce nauyi. Wanda cika riga kawai yake so, kuma yana da shago ko makaranta da ke jiran sa, ɗagawa 8 zuwa 12 ta fi masa sauƙi a lokaci da gaɓoɓi. Mai son duka biyun, wanda shi ne mafi yawan mutane, sai ya fara da manyan ɗagawa masu nauyi sau biyar-biyar, ya rufe da ƙananan atisaye biyu ko uku sau goma-goma.

Yanzu ga mai son gwadawa.

Ba a fara wannan tsari ranar da aka fara taɓa ƙarfe. Ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka tana ba sabon shiga shawarar ya fara da nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 12, har jikinsa ya san hanya. Wata ɗaya ko biyu a haka ba asara ba ce. Bayan nan sai a shiga biyar-biyar, kwana 3 a mako, da hutun yini a tsakani, misali Asabar da Litinin da Laraba.

Ɗagawar da ake gina tsarin a kansu guda biyar ne, kuma duka masu haɗa gaɓoɓi da yawa ne. Akwai tsugunno da sanda a bayan kafaɗa. Akwai turi daga kwance a kan benci. Akwai ciro sanda daga ƙasa a miƙe da ita tsaye. Akwai tura ta sama da kai daga tsaye. Sai kuma jawo ta zuwa ciki a sunkuye. Rana ɗaya a yi tsugunno da benci da jawowa, rana ta gaba a yi tsugunno da turi sama da ciro daga ƙasa, a yi ta musanyawa. Shi ciro daga ƙasa zagaye ɗaya ko biyu masu nauyi sun wadatar, domin ya fi sauran cin jiki. Lanƙwasa hannu don ƙwanji da makamantansa ba a yin su da irin wannan nauyi, gwiwar hannu ce ke biyan bashin.

Abin da ido ke gani a kangwaye da yawa shi ne benci ya samu layi, tsugunno kuwa babu mai kula shi. Sakamakon ke nan ake ganin saurayi sama a cike, ƙafafu kuwa ba a magana. Manyan tsokokin jiki a cinya da ɗuwawu da baya suke, kuma su ne ke ɗaukar mutum a gona da kasuwa da filin kokawa.

Kafin nauyin aiki, sai an hau shi mataki-mataki. Wanda zai yi tsugunno da kilo 80, ya fara da sanda zalla sau 10, sannan kilo 40 sau 5, kilo 60 sau 3, kilo 70 sau ɗaya ko biyu, sannan ya shiga aikin. Tsakanin zagaye da zagaye kuma a huta minti 3 zuwa 5. Wannan hutu ba lalaci ba ne. Tsoka tana da wani ɗan tanadin makamashi na gaggawa, sinadarin da ake kira fosfokiriyatin, wanda ke ƙarewa cikin kamar daƙiƙa 10 na aiki mai tsanani, kuma yana buƙatar mintoci kafin ya sake cika. Wanda ya koma ƙarƙashin sanda bayan daƙiƙa 30 don kada a ce ya gaji, zai ɗaga ƙasa da abin da jikinsa zai iya.

Sai batun ƙari, wanda shi ne ruhin tsarin gaba ɗaya. Duk ranar da mutum ya cika biyar-biyar ɗinsa da kyau, zuwa na gaba ya ƙara kilo 2 ko 2 da rabi. Kada ya wuce haka ko da yana jin zai iya. A nan ne ƙarfen kankare ke ba da matsala, domin babu wanda ya san nauyinsa na gaskiya, kuma daga wannan sanda zuwa mai bi mata sai a tarar da tazarar kilo 15 ko 20. Sau da yawa ma gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kafaɗa ɗaya tana ta cutuwa ba a sani ba. Akwai dabara. Kankare lita ɗaya yana kai kusan kilo 2 da ɗigo 4, don haka gwangwanin fenti mai lita 4 yana ba da kusan kilo 9 da rabi, bokiti mai lita 20 kuma kusan kilo 48. Wanda ya fi wannan shi ne a kai kowace sanda kan sikelin masu sayen tsofaffin ƙarafa a auna, a rubuta nauyin da fenti a jikinta. Don ƙari kaɗan-kaɗan kuwa, a ɗinka ƙananan jakunkuna a cika da yashi, kilo ɗaya-ɗaya, a riƙa ɗaure su tam a gefe biyu. Sandar gidajen motsa jiki na zamani, irin ta gasa, kilo 20 ce ta maza, ta mata kuma 15, sai a tuna a sa ta cikin lissafi.

Kuma a nemi ɗan littafi da biro. Wanda ba ya rubuta abin da ya ɗaga, bayan wata uku ba zai iya cewa ya ci gaba ko yana nan inda yake ba.

Ƙarin nan ba ya ɗorewa har abada, lissafi ma ya nuna haka. Kilo 2 da rabi sau uku a mako ya zama kilo 7 da rabi, a shekara kuma kilo 390, abin da babu wanda ya taɓa ƙarawa a shekara guda. Bayan 'yan watanni sanda za ta tsaya. Idan mutum ya kasa cika biyar ɗinsa sau biyu ko uku a jere, sai ya rage kashi 10 cikin 100 ya sake hawowa a hankali, daga baya kuma ya koma ƙari mako-mako maimakon kullum. Akwai wani dalilin kuma na bin sannu: jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi ba sa ƙarfafa da saurin da tsoka ke yi. Ciwon gwiwa ko kafaɗa ko gwiwar hannu da ke dawowa wuri ɗaya kullum, saƙo ne daga gare su.

Wani zai ce, to 'yan dako fa, da masu sauke siminti mai kilo 50 daga tirela tun safe har yamma, da 'yan ga-ruwa masu tura jarkoki? Ai suna da ƙarfi ba su taɓa shiga gidan motsa jiki ba. Haka ne, kuma ƙarfinsu na gaske ne. Sai dai buhun bana shi ne buhun bara, nauyin bai ƙaru ba, shi ya sa jikin ya kai wani matsayi ya tsaya. Irin waɗannan bayin Allah idan suna son gwada tsarin, kwana 2 a mako ya ishe su, domin bayansu ya riga ya sha aiki kafin su iso.

Masu sauraro, yanzu ga ɓangaren da ba a wasa da shi.

Mai ɗaga nauyi sosai yakan ja numfashi ya riƙe, ya ɗaure cikinsa, don ƙashin bayansa ya samu madogara. Dabara ce mai amfani, amma tana harba bugun jini sama na ɗan lokaci. A 1985 wasu masu bincike a Kanada sun sa na'ura cikin jijiyar jinin wasu gogaggun 'yan ɗaga ƙarfe yayin da suke tura nauyi da ƙafafu. Awon da aka saba gani wajen mai lafiya 120 bisa 80 ne. Nasu ya kai matsakaicin 320 bisa 250, na mutum ɗaya ma ya haura 480 bisa 350. Yana sauka da an ajiye ƙarfen, kuma jikin mai lafiya yana jurewa. Amma hawan jini ciwo ne da yakan zauna a jikin mutum shekaru bai sani ba. Don haka kafin a fara, a je a auna. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai sikila, da mai gwaiwa, da mai ciwon suga da ya taɓa ido, da mace mai juna biyu, kada ɗayansu ya shiga wannan tsari sai da izinin likita.

A 2016, a birnin Leeds, Eddie Hall ya zama mutum na farko da ya ciro kilo 500 daga ƙasa. Bidiyon ya zaga duniya, matasa na ta tura wa juna. Abin da ya kamata su lura da shi a ciki shi ne yadda jini ya ɓalle masa ta hanci, ya kuma zube bayan ya ajiye sandar, alhali ga ma'aikatan lafiya a tsaye kusa da shi. A kango babu su. Mai atisaye don lafiya da ƙarfi ba ya buƙatar gwada iyakarsa kowane mako. Ya ajiye sanda yana jin da saura ɗagawa ɗaya ko biyu a jikinsa.

Benci ya fi kowace ɗagawa haɗari, domin sanda tana saman wuya da ƙirji. Kada a kwanta ƙarƙashin nauyi sai da mutum tsaye a kai, wanda hankalinsa ke kan sandar, ba kan waya ba. A zagaye sandar da babban yatsa, kada a ɗora ta a tafin hannu kawai. Faifan ƙarfe idan ya danne mutum yana iya karkatar da sanda ya zame, kankare kuwa a manne yake, babu inda za shi. A ciro daga ƙasa kuma, baya ya zauna a miƙe, sanda na bin ƙwauri. Da zarar baya ya fara lanƙwashewa, zagayen ya ƙare ko da ba a kai biyar ba. Wanda kuma ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani, ga ciwon tsoka da kumburi, ya tafi asibiti a ranar, domin alama ce ta tsoka ta farfashe har tana barazana ga ƙoda.

Duk da wannan, kuskure ne a ɗauka nauyi na samari ne kawai. A 1990 likita Maria Fiatarone ta sa wasu tsofaffi 10 a wani gidan kula da gajiyayyu a Boston, masu shekaru 86 zuwa 96, atisayen ƙafa da kashi 80 cikin 100 na iyakarsu. Cikin mako 8, ƙarfin waɗanda suka kammala ya ƙaru da matsakaicin kashi 174 cikin 100. A Ostireliya kuma, masu bincike a jami'ar Griffith sun sa mata da suka daina al'ada, masu raunin ƙashi, yin biyar sau biyar da nauyi sosai, minti 30 sau biyu a mako har wata 8, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Ƙashin bayansu ya ƙara ƙwari da kusan kashi 3 cikin 100, na waɗanda suka yi atisaye mai sauƙi a gida kuwa ya ɗan ragu. Tsoron da mata ke yi na komawa kamar maza ba shi da tushe, domin sinadarin da ke ba maza irin wannan girma kaɗan ne a jikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, ta ce kowane baligi, mace ko namiji, ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Yara matasa kuwa, maganar cewa ƙarfe na hana tsawo bincike bai tabbatar da ita ba, amma su zauna kan matsakaicin nauyi a gaban babba, ban da gasar wa ya fi wa.

Sai abinci. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 49, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna amfanin furotin ga mai ɗaga ƙarfe yana kaiwa ƙololuwa a wajen giram 1 da ɗigo 6 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini. Mai kilo 70 ke nan yana neman kusan giram 112. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, don haka mai cewa da ƙwai kaɗai zai cike wannan sai ya ci kusan 19 kullum, aljihu kuwa ba zai yarda ba. Abin da ke kasuwa ya wadatar: ɗanyen wake giram 100 yana da furotin kusan giram 23, gyaɗa kusan 25, waken suya kusan 36, madarar shanu lita ɗaya kuma sama da 30. Ƙosai ko alale da safe, shinkafa da wake da rana, awara ko ƙuli-ƙuli a tsakani, fura da nono, busasshen kifi a miyar dare, nama idan ya samu. Garin furotin na gwangwani da ake sayarwa da tsada bai fi waɗannan komai ba sai sauƙin sha. Barci kuma awa 7 zuwa 9, domin a lokacin hutu jiki ke gina abin da atisaye ya nema. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, a yi atisaye bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a kusa. Da azumi kuwa a mayar da shi bayan buɗa-baki, a rage yawan zagaye, a bar ƙarin nauyi sai bayan salla.

Akwai masu neman gajeriyar hanya ta allura da ƙwayoyi. Alluran ƙara tsoka suna taɓa zuciya da hanta, suna ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, suna rage ƙwayoyin haihuwa, wasu mazan har nono ke fito musu. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe kuwa, waɗanda sau da yawa akwai dezametazon a cikinsu, ruwa da kitse suke tarawa, kuma in an daɗe ana sha tsokar ma cinye ta suke yi, su raunana ƙashi. Tiramadol yana rufe zafin da ya kamata ya gargaɗi mutum ya ajiye sanda, kuma tun daga 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Kira na ƙarshe ga masu kula da waɗannan wurare ne, da manyan da matasa ke kira oga ko maigida a wajen. A haɗa kuɗi a kai wa mai walda ya ƙera madogarar sanda mai ƙarafa biyu a gefe, waɗanda za su tare nauyi idan ya fi ƙarfin mai tsugunno ko mai benci. A auna kowace sanda a rubuta nauyinta. A tanadi ƙananan nauyi na kilo ɗaya da biyu. Sabon yaro kuma idan ya zo, a tambaye shi ko ya auna jininsa, a ba shi sanda zalla ya koyi hanya, kada a zuga shi ya shiga ƙarƙashin abin da manya ke ɗagawa don a yi dariya.